Ainihin Gudun Waƙar Arzika

Ranar Asabar, mako biyu bayan Babbar Salla, da misalin ƙarfe goma na safe, mu huɗu ne a zauren Alhaji Mudi a Kurgu: shi mai gidan, wanda ke fataucin shinkafa, da gwaggonsa Hajo, da Garba Kwatano mai shagon sauti na bakin kasuwar Bagudo, sai ni. An tara mu ne don a saurari waƙa guda ta marigayi Arzika mai molo, kakan Alhaji, a kwafi biyu, nawa da na Garba. Wanda aka zaɓa shi za a sa a bikin ɗan Alhaji, daga nan kuma ya shiga wayoyin mutane, ya zama muryar Arzika ga duk wanda bai riske shi da rai ba.

Zan zo ga abin da aka yi a zauren. Amma ku da kuke zama ƙofar shagona kuna tura wa juna waƙa daga waya zuwa waya, kuna cewa aikin sauti danna maɓalli ne kawai, sai kun fara jin inda na koyo abin da na kai can.

Aikin farko da aka ba ni a gidan rediyo shi ne wanke kan rakoda. A naɗa auduga a tsinken ashana, a tsoma a sifirit, a goge ƙarfen da zaren ɗaukar sauti ke bi ta kansa har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa. Mu biyu aka ɗauka lokaci guda, ni da Garba, dukanmu 'yan ƙasar Bagudo, aka damƙa mu ga Malam Isa, tsohon injiniyan ɗakin ɗaukar sauti. Mutum ne marar yawan magana. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya karɓi abin daga hannunka ya yi da kansa, kana tsaye kana kallo.

A ƙasan kabad ɗinsa akwai wani baƙin faifan garmaho da wani Bature ya bari tun kafin zuwanmu. Waƙar Turawa ce irin wadda suke kira opera, wato wasan kwaikwayo da ake rera shi daga farko har ƙarshe, ba a magana. Ba a taɓa sa faifan a iska ba, don masu saurarenmu ba za su yafe mana ba. Amfaninsa gwaji ne. Akwai wani wuri a cikinsa da mace ke ɗaga murya ita kaɗai, gogen Turawa na biye da ita a hankali, ta riƙe amo guda har kai mai saurare numfashinka ya ƙare kafin nata. Idan inji yana gudu daidai, amon nan yana tsayawa cik. Idan robar da ke juya shi ta saki, sai ka ji muryar tana lilo.

Wata Litinin Malam Isa ya ɗora faifan ya tsayar da mu a gabansa. Da matar ta kai wurin nan sai ya ce, "Me take yi?"

Na ce, "Kuka take, Malam."

Ya sa yatsa a tsakiyar faifan ya ɗan tura shi, gudun ya ƙaru, muryar ta haye sama ta sirance. "Yanzu fa?"

Garba ya ce, "Yanzu faɗa take yi da maƙwabciya a kan akuya."

Malam Isa bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa, kuma na lura da hakan. Ya danne gefen faifan, gudun ya ragu, matar ta koma namiji mai jin barci. Sannan ya ɗauke hannu ya ce, "Ba wanda ya san yarenta a cikinmu, amma kun ji abin da ya same ta. Gudun waƙa, da tsayin murya, da abin da waƙar ke sa wa mutum a zuciya, a ɗaure suke wuri guda. Wanda ya taɓa gudu ya taɓa sauran. Mawaƙi ya riga ya zaɓi nasa, aikinku kar ku zaɓa masa wani."

Ni da agogo nake auna gudu. In sa alama a zare, in ƙirga, in sake. Garba kuwa sai ya tsaya bakin ƙofa yana shan rake ya ce, "Malam, inji na biyu yana sauri." In na auna sai in tarar haka ne. Bai fi ni zuwa aiki da wuri ba, bai fi ni tsabtar hannu ba, littafin injin ma ban taɓa ganin ya buɗe ba. Kunne ne kawai, da shi aka haife shi. Saboda haka duk lokacin da za a fita ƙauye ɗaukar makaɗa, Garba ne Malam Isa ke rataya wa ƙaramar rakoda. Ya dawo da labarin naman da aka yanka musu da mawaƙan da suka ambaci sunansa. Ni ina ɗaki da reza ina yanke tari da gyaran murya daga jawabin manya. Na gwanance a haɗa zare har ba a jin inda na haɗa. Sai dai aikin da ba a jin sa ba a yaba shi, don ba wanda ya san an yi.

Garba ne ya fara barin gidan rediyo. Ya kama zuwa Kwatano yana sayo injinan kwafar kaset, daga nan ya sami laƙabinsa. Lokacin da aka rage ma'aikata na dawo gida, na tarar da shagonsa a bakin kasuwa, da lasifika biyu a ƙofa kowace ta kai tsayin mutum. Ni na sami ɗaki a bayan tasha, kusa da masu faci. Kayana ba su da yawa: rakoda biyu masu kyau, da ƙananan sukuddirebobi irin na masu gyaran agogo, da reza, da siririn salatif na haɗa zare, da kwalbar sifirit, da kwalin robobi masu girma dabam-dabam. Sai kaset guda da na kwafi faifan nan na opera a kansa da injin da ya fi kowane lafiya a gidan rediyon, ranar da zan tafi. Da shi nake gwada injinana kowane mako, masu faci suna leƙowa suna tambaya wa ya mutu.

Wata mata daga Sharabi ta taɓa kawo mini kaset da rediyonta ya tauna. Saƙon ɗanta ne da ke aikin lebura a Kandi, cikin Binin. A lokacin haka ake yi: wanda bai iya rubutu ba ya yi magana a kaset, ya ba direba. Zaren ya fito waje ya cukurkuɗe, ta dunƙule shi cikin gefen zane. Na shimfiɗa shi a kan gilashi, na bi shi da bayan cokali mai ɗumi har ya miƙe, na yanke inda ya tsinke na haɗa. Kalma biyu kawai muka rasa. Ta saurara sau biyu a shagon, ta ce muryarsa ta nuna yana cin abinci. Irin waɗannan su ne masu zuwa wurina: su, da Fulani masu kaset ɗin da rana ta lanƙwasa, da almajiran malamai manya masu son a kwafi tafsiri ba tare da an yanke aya ba.

Masu sayen waƙa kuwa wurin Garba suke zuwa, kuma na san dalili. Ya ɗan ƙara wa injinansa gudu da gangan, kaɗan ƙwarai, yadda ba mai cewa an taɓa. Waƙa ta fito da kaifi, kiɗa ya yi zafi. Direba ya sa nawa ya sa nasa, sai ya ce nawa sanyi gare shi. Nawa kuwa shi ne yadda mawaƙin ya yi. Na yi bayanin nan ga mutum ya fi a ƙirga, su gyaɗa kai, su tafi bakin kasuwa.

Muguwar shekara ita ce wadda memori ya shigo. Kafin damina ta tsaya, kowane mai babur yana da waƙa ɗari a abin da bai kai farce ba. A daminar ce kuma rufin shagona ya yi yoyo a kan katan-katan na sababbin kaset da na tara, suka yi fumfuna, na kwashe su na zubar a bayan tasha. Garba ya riga ya sayar da injinansa na kaset ga wani mutumin Sagbana tun rani, da sauran darajarsu, ya sayi kwamfuta da janareto da rumfunan haya. Ban san wa ya gaya masa ba. Ni na ƙare shekarar ina gyaran tocila da rediyo. Daga ƙofar shagona ana ganin hanya, kowace Juma'a motarsa ta wuce da lasifikoki a ɗaure, zuwa biki a Tsamiya ko Sharabi ko tsallaken iyaka. Daga baya na sayi tsohuwar kwamfuta na koyi mayar da kaset cikin memori, amma rakodata biyu ban rabu da su ba, har ya zama a duk Bagudo ni kaɗai na rage mai injin kaset da ke juyawa daidai.

Wannan ne ya kawo Alhaji Mudi shagona. Ya sauka daga babur ya kwance wani ƙyalle, ga kaset a ciki, takardar jikinsa ta yi ja.

Ya ce, "Malam Haruna, wanga shi na asalin Ta Arzika. Cikin adakar mahaifina na tsince shi. Shi yaɗ ɗauke ta da hannunai, da rakodar da ya sawo Kandi. Garba ya ce shi ba ya taɓa kaset yanzu, amma yana da tashi a kwamfuta, ya wanke ta tas. Ka gyara wanga, kowa ya kawo tashi, mu ji wadda ta fi. Da ita za mu tashi bikin ɗana Bashiru."

Ba sai na gaya muku mece ce Ta Arzika ba, kun taka ta. Amma saboda wanda ba ɗan nan ba: waƙa ce guda, ita kaɗai ta rage daga Arzika, rabi da Dandanci, yaren mutanen bakin iyakar nan, rabi da Hausa, da siririyar murya kamar ta saurayi da molo mai zafi. Da ita ake rufe biki daga Kurgu har tsallake. Tana farawa da sauri, tana ƙara sauri, har a ƙarshe mata su riƙa faɗuwa suna dariya, wadda ta rage a tsaye a yi mata liƙi. Ba mai kula da kalmominta, saurin ya haɗiye su. Duk kwafin da ke yawo daga wani kwafin aka ɗauko shi, shi ma daga wani.

Kaset ɗin na buɗe shi a kan farin ƙyalle. Zaren ya manne da juna a gefe guda, ɗan soson da ke danna shi ga kan rakoda ya faɗi, fumfuna ta yi fari a kai. Na ciro zaren na mayar da shi sabon gida, na juya shi da biro a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ina ɓamɓare inda ya manne, ina share fumfunar da busasshiyar auduga. Audugar tana fitowa da garin ƙasa-ƙasa. Garin nan shi ne sautin kansa, yana zubewa. Na san zaren ba zai jure wucewa da yawa ba.

Na sa shi daga can farko, wurin da masu kwafa suke tsallakewa don ba waƙa a ciki. Aka yi shuu, sai muryar wani mai sanarwa da Faransanci, sai goge, sai mace ta ɗaga murya. Mahaifin Alhaji ya gwada sabuwar rakodarsa ne, ya kara ta a jikin rediyo ya ɗauki abin da wata tashar Binin ke sawa, kafin ya juya ga mawaƙin. Kuma abin da ya ɗauka faifan nan ne na Malam Isa, matar nan, wurin nan. Shekara da shekaru ina jin ta kowane mako, ba zan ɓata ta ba. Sai dai a nan ba kuka take ba, faɗa take yi.

Na tsayar da injin. Ma'anar abin a fili take ga duk wanda ya yi aikin. Batiran rakodar sun yi sanyi ranar da aka yi ɗaukar, injin yana jan zare a hankali. Abin da aka ɗauka a hankali, in aka sa shi a inji mai lafiya, sai ya fito da sauri, murya ta haye sama. Kuma batir mai mutuwa ƙara mutuwa yake yi, shi ya sa waƙar ke ƙara gudu har ƙarshe. Saurin da ake faɗuwa a kansa a fili ba na Arzika ba ne, na batir ne.

A bayan 'yar motar da ke juya zare a cikin kowace rakoda akwai wani ɗan rami, a cikinsa akwai ƙaramin sukuru mai rage gudu ko ƙara shi. Na cire murfin injin. Na sa nawa kaset na opera a rakoda ta biyu, na tayar da su tare, na zura sukuddireba ina juyawa kaɗan-kaɗan. Muryoyin biyu suna karo da juna, suna rawa, rawar tana raguwa, har suka kwanta a kan juna suka zama murya ɗaya. Na kunna kwamfuta ta fara ɗauka. Aka yi ƙas, inda mahaifin Alhaji ya kashe ya sake kunnawa, sai molo ya shigo.

Daga nan ba ni da matar da zan jingina da ita, sai molon. Kakkaurar tsirkiyarsa amo guda take bayarwa daga farkon waƙa har ƙarshe, mai kiɗa ba ya taɓa ta da yatsan hagu. Na riƙe amon nan a kunne. Duk lokacin da na ji ya fara hawa, in sassauta sukurun. Hannuna bai bar sukuddireba ba har waƙar ta ƙare. Da na buɗe injin, kan rakodar ya rufe da gari, zaren kuma ya yi haske a wurare, ana ganin yatsa ta cikinsa. Abin da na samu shi ne mafi kyawun aikin da na yi a rayuwata, na faɗi wannan ne a matsayin wanda ya san aikin.

To, mu koma zauren Alhaji. Garba ya zo da mota, da babbar riga mai aiki, ya sa aka shigo masa da lasifika guda ya jingina ta da bango. Ni na zo a bayan ɗan acaba da 'yar rediyo mai cin memori a aljihu. Gwaggo Hajo, 'yar autar Arzika, tana kan tabarma a gefe da carbi, ta tsufa amma kunnenta garau.

Garba ya dube ni ya ce, "A'a, Injiniya! Ka zo da agogon naka?"

Na ce, "Na zo da abin da aka ce in kawo."

"To bismilla, in fara ko ka fara? Ni ba ni son in tashe ka in ka sa mutane barci."

Alhaji ya ce Garba ya fara. Ba zan rage masa ba, ya yi aiki. Ya cire shuu ɗin da ya taru a kwafi bisa kwafi, ya ƙara wa molon nauyi, waƙar ta fito tana ƙyalli. Alhaji yana kaɗa kai, yatsun ƙafar Gwaggo suna motsi a kan tabarma, mata a cikin gida suka yi guɗa ta bayan katanga. Da ta ƙare Alhaji ya ce, "Kai, Garba, Allah shi yi maka albarka. Malam Haruna, bismilla."

Na roƙi aron lasifikar, Garba ya miƙo mini wayar haɗa ta da kansa. Molo ya shigo a hankali, da kauri, kowace tsirkiya ana jin ta dabam. Sai murya, ta dattijo, mai zurfi, da 'yar tsagewa a ƙarshen numfashi.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam Haruna, batirinka ya mutu ne?"

"Batirin mahaifinka ne ya mutu, Alhaji, ranar da aka ɗauka. Ni na mayar da shi."

"Wane irin..."

Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, "Mudi, yi shiru."

Kowa ya kasa kunne. Yanzu kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya. Yana kiran wani Maiwada, yana tambayar gulbi inda ya kai shi, yana cewa an ga kwalekwale an ga hula ba a ga mai su ba. Waƙar ba ta ƙara gudu ba, yadda ta fara haka ta tafi, har molo ya tsaya aka ji wani ya yi tari a nesa. A bayan katanga ba wadda ta yi guɗa.

Gwaggo ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Wanga shi na Baba. Haka yake magana in ya tashi da safe." Ta juya ga Alhaji. "Maiwada ƙanenai ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ruwa ya ci shi shekarar da anka yaye ni. Ran da ubanka ya kawo akwatin nan nashi, nan ƙofar gida anka zauna, ina riƙe da fitilar da ba a kunna ba, don da sauran rana. Ba wanda yat tashi, balle rawa. Da anka sa muna kaset ɗin daga baya muka yi ta dariya, muka ce akwati ya maida Baba yaro. Shi ma ya yi dariya. Daga nan dai ban san yadda anka yi ba, na saba da waccan."

Alhaji ya cire hula ya shafa kai. "To Gwaggo, watau da waƙar mutuwa muke rawa duk shekarun ga?" Ya dubi Garba. "Kai ka san da haka?"

Garba ya ce, "Na san an yi sauri."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ran da na fara jin ta, muna yara. Haba Haruna, molo ne fa. Ka taɓa jin molo na kuka da muryar gurmi?"

"Ka sani ka yi shiru, kana sayarwa?"

"Wa ya tambaye ni? Ni biki ake kirana, ba ta'aziyya ba. Alhaji, ka sa wagga a fili, amarya ta fashe da kuka, baƙinka na Binin su hau babur tun ba a raba shinkafa ba. In kana so in sa, ni lasifika ce tawa, ba ta zaɓe."

Na yi wa Alhaji bayanin batir da sukuru da matar opera, dalla-dalla, yadda ake karanta rahoto. Ya saurara don mutunci. Na ce ba sai an yi rawa da ita ba, a sa ta sau ɗaya kafin a tashi, jikokin Arzika su ji muryar kakansu, daga nan kowa ya ɗauka a wayarsa. Na ga alamar ya fara karkata, ya dubi gwaggonsa don ta sa baki. Na tabbata a lokacin cewa tana gefena, tunda ita ce ta shaida muryar.

Ta ce, "A'a. Ku yi rawarku da waccan. Waccan ba ubana ba ne, ku taka ta yadda kuka ga dama. Wanga kuwa ba za a fitar da shi fili ba, yara na tsalle, ana raba lemo, ana kiran Maiwada. Ba za a sa shi waya ba, a ji shi shagon mai shayi." Ta miƙo mini hannu. "Ɗana, ba ni abin nan. Akwai wani wurinka?"

"Akwai a kwamfuta, Gwaggo."

"Ba ni ce ka goge ba, aikinka ne. Amma ka yi mini alkawari ba ka ba kowa, ko ina raye ko ba ni."

Na yi mata alkawari a gaban mutum biyu. Na ba ta rediyon da memorin a ciki, na nuna mata inda ake dannawa. Ta sa mini albarka mai tsawo, ta sa a gefen zane ta shiga gida. Alhaji ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa buhu, ya ce wa Garba ya zo da rumfuna tun ranar Alhamis ta makon bikin.

A waje, ana ɗaure lasifika a bayan mota, Garba ya ce in shigo ya rage mini hanya. Na ce ɗan acaba na jirana. Ya buɗe ƙofa, sannan ya tsaya ya ce, "Aiki ya yi, Injiniya, ban yi zaton zaren nan zai ba da haka ba. Sai dai a baiti na uku, inda yake kiran hula, ka sassauta fiye da kima. Kaɗan dai. Ka dawo daidai kafin na huɗu."

Sau ɗaya ya ji ta, yana zaune yana wasa da makullin mota.

An yi bikin Bashiru mako uku bayan haka. Garba ne ya yi sauti, da kwafinsa aka tashi, kuma shi ne wanda ke cikin wayoyinku yanzu, daga nan har Kandi. Ni da na koma shago ranar Asabar ɗin na sa nawa a kwamfuta, na auna amon kakkaurar tsirkiyar baiti bayan baiti. A na uku ya sauka kaɗan, ya dawo kafin na huɗu. Na ɗauko asalin kaset ɗin don in sake ɗaukar wurin, zaren ya juya, amma ba abin da ya fito sai shuu.